Jitarka ta farko a Jos: zaɓe, saiti, kariya daga hunturu da fara kiɗa

Akwai jita da yawa a garin nan da ke jingine a bayan ƙofa, ƙura ta lulluɓe su, masu su kuma sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa ba su da hannun kiɗa. Idan ka ɗauko irin wannan jitar ka duba, sau da yawa za ka tarar tsirkiyarta ta yi nisa da wuya sosai, har ƙwararre ma sai yatsunsa sun yi zafi kafin ya fitar da sauti mai kyau. Wata kuma hunturu ne ya busar da katakonta, wuya ya karkace, bakin ƙarafan da ke gicciye a kan wuya ya fito yana yankar hannu. Mai koyo ba shi da yadda zai gane haka, sai ya ɗora laifin a kan kansa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin Jos gari ne na kiɗa. A nan Ɗan Maraya Jos ya rayu yana riƙe taro da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal har rasuwarsa a 2015, a nan mawaƙin bishara Panam Percy Paul ya kafu, a nan Jeremiah Gyang ya taso yana haɗa jita da waƙar Hausa. Bai kamata yaron da ya tara kuɗinsa da kyar ya bar kiɗa saboda milimita biyu na tazara ba. Jitar da aka saita ta yi laushi a hannu ita ce ake ɗauka kullum, sunan da ke rubuce a kanta kuwa yana zuwa daga baya. Ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Ka san irin wadda kake nema

Iri uku ne za ka tarar a kasuwa. Akwai mai tsirkiyar nailan, wadda ake kira kilasika. Wuyanta yana da faɗi, sautinta taushi ne, kuma ba ta cin yatsa sosai. Akwai ta katako mai tsirkiyar ƙarfe, wadda aka fi gani a hannun matasa da 'yan kwaya, mai ƙara da kaifin sauti. Sai ta lantarki, wadda ba ta magana sai an jona ta da amfilifaya. Mutane da yawa suna zaton ta lantarki ta manya ce, alhali ita ta fi sauƙin dannawa, don tsirkiyarta sirara ce kuma tana kusa da wuya. Abin da ke sa in yi jinkirin ba mai koyo shawarar ya fara da ita shi ne wuta. Ranar da aka ɗauke, kiɗanka ya tsaya, ga kuma kuɗin amfilifaya da waya.

Ka zaɓa bisa kiɗan da ke kunnenka. Idan burinka ka raka muryarka ko ta 'yan amshi a ɗaki, a coci ko a taron abokai, ɗauki ta katako mai tsirkiyar ƙarfe. Idan kiɗan Agadez ko na Kwango ne ke hana ka barci, kada ka ɓata lokaci, nemi ta lantarki. Yaro ɗan ƙasa da shekara 11 ko 12 a nema masa ƙarama, mai girman kashi uku cikin huɗu, mai nailan.

Yamaha F310 ta katako, da Yamaha C40 ta nailan, da Yamaha Pacifica ko Squier a ɓangaren lantarki, duk an san su da aminci a hannun masu koyo. Cort da Ibanez da Epiphone ma suna da masu araha masu kyau. Sai dai jabu sun yi yawa, don ba wuya a manna tambari. Fender ko Gibson da aka yi maka tayinta a kuɗin jitar mai koyo, ka san da magana.

Wani abu da ya shafi Jos musamman: fuskar jitar katako iri biyu ce. Akwai wadda aka yi da falle ɗaya na katako, akwai wadda aka liƙa siraran falle uku aka matse. Ta falle ɗaya ta fi daɗin sauti, ta fi tsada, amma ita ce hunturu ya fi saurin tsagawa. Ga mai farawa a kan tsaunin nan, mai falle-falle ta fi kwanciyar hankali. Ka leƙa bakin ramin sauti: idan zanen katakon ya ratsa kaurin bakin daga sama zuwa ƙasa, falle ɗaya ce.

Kada ka taɓa ɗaura tsirkiyar ƙarfe a kan jitar nailan. Nailan shida suna jan wuya da nauyin da ya kai wajen kilo 40, na ƙarfe kuwa sukan kai kilo 70. Jitar nailan ba a gina ta don wannan nauyin ba, gadarta, wato katakon da ke riƙe da tsirkiya a fuskar jitar, za ta ɓalle ko wuyanta ya lanƙwashe.

Mataki na 2: Gwaji kafin ka biya

Ko a shagunan kayan sauti na wajajen Terminus da titin Ahmadu Bello za ka saya, ko gwanjo ce ka gani a Jiji ko Facebook, ƙa'idar ɗaya ce: kada kuɗi su bar hannunka sai jitar ta shiga hannunka. Mafi yawan kayan nan ta Legas suke shigowa, daga gari mai laima zuwa gari mai bushewa, saboda haka ko sabuwa ce fil a kwali, tana iya canzawa a hanya. Idan kana da wanda ya iya, tafi da shi. Cocin COCIN da na ECWA duka hedikwatarsu a Jos take, kuma da wuya ka rasa makaɗin jita a unguwarku ko a Jami'ar Jos wanda zai raka ka idan ka roƙe shi da ladabi. Ka sa katin ATM huɗu a aljihu, da manhajar saita sauti a wayarka. Ka ce wa mai shago, “Maigida, a ba ni kujera in gwada ta tukuna.” Mai kaya na gari ba ya ƙin haka.

Fara da saita ta. Daga tsirkiya mafi kauri, wadda ake kira ta shida, zuwa mafi siranta, ta ɗaya, sautukan su ne E, A, D, G, B, E. Jitar da ba a ɗaure ta daidai ba, ba ta nuna aibinta, domin wuya bai ɗauki nauyinsa ba tukuna.

Sai ka ɗaga ta, ka sa ido daga kai ka hango tsawon wuyan har zuwa jiki. Kana so ka ga ya miƙe, da ɗan lanƙwasa kaɗan wanda da kyar ake gani. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, wato wuyan ya murɗe, ajiye ta. Wannan ba ya gyaruwa da kuɗi kaɗan.

Yanzu tazara, wadda ita ce gwaji mafi muhimmanci. Ƙarafan da ke gicciye a kan wuya su ake kira firet. Ƙirga zuwa na 12, inda yawanci akwai ɗigo biyu. Kaurin katin ATM ɗaya milimita 0.76 ne. Haɗa uku ka zura tsakanin saman firet ɗin da ƙasan tsirkiya ta shida. A jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe, kati uku su shiga da ɗan sarari kaɗan, wato wajen milimita 2.5. Idan huɗu sun shige suna lilo, tazarar ta yi yawa. A ta lantarki ana so ta kusanci milimita 2. Ta nailan ita daban ce, takan kai 3.5 zuwa 4 kuma ba laifi ba ne. Idan tazarar ta yi yawa, duba farin ƙashin da tsirkiya ke hawa a kan gada. In yana da tsayi a waje, akwai abin da za a rage. In ya riga ya nutse, an goge shi har ƙasa amma tsirkiya tana sama, to kusurwar wuyan ce ta lalace, kuma wannan jitar ba taka ba ce ko da an ce ka ba da rabin kuɗi.

Danna kowace tsirkiya a kowane firet, ɗaya bayan ɗaya, ka saurari inda take zizar ƙarfe ko inda sauti ke mutuwa. Abin yana ɗaukar lokaci, mai shago zai ƙosa, kai dai ka ci gaba. Sannan kaɗa tsirkiya a sake, ka sake kaɗa ta a danne a firet na 12. Manhajar ta nuna harafi ɗaya a duka biyun, allurar kuma ta tsaya kusa da tsakiya. Idan ta kauce da yawa, duk kod ɗin (haɗin sautukan da ake kaɗawa tare) da za ka kama a sama zai yi tsami.

Duba bayan gada ko ta fara ɗagowa: gwada zura gefen takarda a ƙarƙashinta, in ta shige, gam ya saki. Shafa fuskar jitar a bayan gada ko ta kumbura sosai. Ƙwanƙwasa jikin a hankali, ka ji ko wani abu yana kaɗawa a ciki. Murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya shida da ke kan jitar, kowanne ya juya sumul, ba ya sulluɓewa. Ƙarzunan fenti kuwa kada su dame ka, sai ma su taimake ka wajen ciniki.

In ta lantarki ce, a jona ta. Juya kowane maɓalli, matsar da makunnin zaɓen sauti zuwa kowane matsayi, girgiza kan waya a raminta. Ƙarar ƙarce-ƙarce yawanci datti ne, mai gyaran rediyo zai iya. Shirun gaba ɗaya a wani matsayi yana nufin wani fikof, wato abin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya, ya mutu, sai a rage kuɗinsa.

Kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan jitar. Ware wajen kashi ɗaya cikin biyar don jaka mai soso a ciki, sabuwar tsirkiya saiti biyu, fik (ɗan fallen robar da ake kaɗa tsirkiya da shi) uku ko huɗu, kafo (matsin da ake maƙalawa a wuya ya danne tsirkiya duka a firet ɗaya), da ladan mai saiti.

Mataki na 3: Sabuwar tsirkiya da saiti

Tsirkiyar da ta zo da jita ba ka san shekarunta ba, canza ta. Ga jitar katako, nemi saitin da aka rubuta 10-47 ko 11-52 a jikinsa. Wanda aka fi ɗaurawa daga masana'anta shi ne 12-53, yana da cikar sauti amma yana wahalar da sabon yatsa. Ga ta lantarki, 9-42 ko 10-46. Lambar farko ita ce kaurin tsirkiya ta ɗaya, kuma duk yadda ta yi ƙasa, dannawa ta fi sauƙi.

Canza su ɗaya bayan ɗaya. Sassauta tsohuwa, cire turken da ke riƙe da ita a gada, zura kan sabuwa mai zobe, mayar da turken kana jan tsirkiyar sama a hankali har ta kama. A wajen kai, bar rarar da za ta zagaye sandar kunne sau biyu zuwa uku, kowane zagaye yana sauka ƙasan na baya. Kafin tsirkiya ta kwanta a tsagarta ta farin ƙashin da ke wajen kai, goga bakin fensir a cikin tsagar, don ta riƙa zamewa ba tare da maƙalewa ba. Bayan ka saita, ja kowacce sama kaɗan da yatsa, ka sake saitawa, ka maimaita har ta daina sauka. Ka kau da fuskarka lokacin ɗaure ta ɗaya da ta uku, su ne suka fi tsinkewa.

Sai lanƙwasar wuya. Sa kafo a firet na 1, danna tsirkiya ta shida a firet na 14, ka duba tsakaninta da firet na 7. Ana son ɗan sarari kamar milimita 0.2 zuwa 0.3, kaurin katin kasuwanci na takarda. Idan sararin ya yi yawa, wuya ya rusuna gaba. Idan babu ko kaɗan, ya koma baya, kuma shi ke kawo ziza a firet na farko-farko. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa da makullin alan, ta cikin ramin sauti ko ta wajen kai. Juyawa dama tana miƙar da wuya, hagu tana sakinsa. Kada ka wuce kwatan juyi a lokaci ɗaya, ka sake saita sauti, ka ba katakon sa'o'i ya zauna kafin ka ƙara. Idan ka ji ta cije, tsaya nan take. Sandar da ta karye a ciki ta kashe jitar. Yawancin masu nailan ba su da wannan sandar.

Bayan wuya ya daidaita ne ake taɓa ƙashin gada, ba kafin nan ba. Lissafinsa biyu-da-ɗaya ne: in kana so tazarar firet na 12 ta sauka da rabin milimita, sai ka rage milimita ɗaya daga ƙashin. Cire shi, ja layi da fensir, shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko tayil, ka goga ƙasansa a miƙe. Ƙasan ake gogewa, saman ba a taɓa shi. Rage kaɗan ka gwada, domin abin da ka goge ba ya dawowa. A ta lantarki ba a gogewa, ƙananan kusoshi ne ake juyawa. In hannunka bai saba da irin wannan aiki ba, kai wa wanda ya sani, ka zauna kusa da shi ka kalla. Kuɗin da na fi ganin amfaninsa a duk harkar jita shi ne wannan.

Mataki na 4: Hunturu da damina

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana bushewa ƙwarai, dare kuma ya yi sanyi har yakan kusanci digiri 10 a Disamba da Janairu. Katakon jita ya fi son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A tsakiyar hunturu takan faɗi ƙasa da 20. Abin da ke faruwa da leɓenka da diddigenka a wannan lokaci shi ke faruwa da ita: ta bushe, ta tsuke, ta tsage.

Alamun suna zuwa a jere. Da farko za ka ji bakin ƙarafa yana karce tafin hannu, don katakon wuya ya tsuke ƙarfe kuwa bai tsuke ba. Sai fuskar jitar ta ɗan lotsa, tsirkiya ta sauko, ziza ta fara inda da babu. In aka ƙyale, sai tsaga ta fito daga gada zuwa ƙasa.

Maganin ba shi da tsada. Samo kwanon sabulu na roba mai murfi, huda shi wurare da dama. Jiƙa soso mai tsabta, matse shi sosai har ya daina ɗiga, sa shi a ciki, ka ajiye a cikin jaka wajen kan jitar, ka zuge zif. Duba shi duk bayan kwana biyu ko uku, in ya bushe ka sake jiƙawa. Ruwa kada ya taɓa katakon. Wannan dabarar ba ta aiki idan jitar tana rataye a bango, saboda haka a hunturu mazauninta jaka ne, ko akwati in kana da hali. Ka nisanta ta da kaskon gawayi da hita, waɗanda ake kunnawa a daidai lokacin da ta fi rauni. Kada ka bar ta a mota a rana. In ka shigo da ita daga sanyin asuba zuwa ɗaki mai ɗumi, bar ta a jakarta minti 20 kafin ka buɗe.

Daga Afrilu zuwa Oktoba, musamman Yuli da Agusta, matsalar tana juyewa. Katako ya sha laima ya kumbura, tazara ta ƙaru, tsirkiya ta yi tsatsa. Cire soson, maye gurbinsa da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Ka riƙa goge tsirkiya da busasshen ƙyalle duk bayan kiɗa, sama da ƙasa. Kada ka yi gaggawar goge ƙashin gada a watan Agusta, domin tazarar da ta yi daidai a damina za ta yi ƙasa da yawa a Janairu. Masu dabara sukan ajiye ƙashi biyu, dogo na hunturu da gajere na damina.

In tsaga ta fito, sassauta tsirkiya, kada ka shafa wurin da yatsa, kada kuma ka ɗura masa sufa-gulu. Mai gyara zai fara jiƙa jitar a hankali har tsagar ta rufe, sannan ya liƙe da gam ɗin katako.

Mataki na 5: Ga masu ta lantarki

Amfilifaya mai wat 10 zuwa 20 ta ishi ɗaki har ta yi yawa. Abu na farko da za ka karanta shi ne rubutun da ke bayanta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Amfilifayar gwanjo da aka yi wa kasuwar Amurka, in ka jona ta kai tsaye, za ta ƙone nan take, sai da taransifoma mai rage wuta. Ko wadda ta dace da wutarmu ma ka haɗa ta da sitabilaiza, kuma ka kashe ta kafin a tayar da janareta ko a sauya layi.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba. Tsirkiyar jitar lantarki a haɗe take da jikin amfilifaya ta cikin waya. Idan soket ba shi da wayar ƙasa, ko an cire ƙafa ta uku ta filogi, mutum yana iya riƙe tsirkiya ya kai baki ga makirufo, wuta ta bi ta jikinsa. An yi asarar rayuka ta haka a kan dandamali. In ka ji ko ɗan tsikari ne, ajiye jitar, a kira mai gyaran wuta. Kada ka yi kiɗa ba takalmi a kan siminti mai laima.

Saboda yanayin wutarmu, na fi son kayan da ke aiki da batir. Ƙaramar amfilifaya Roland Micro Cube tana cin batir AA shida. Zoom G1 Four, na'urar sauya sautin jita wadda ake takawa da ƙafa, tana cin huɗu, tana da wurin sa abin kunne, da kiɗan ganga a ciki don atisaye. Da irin wannan za ka yi koyonka da dare ba ka tashi maƙwabta ba, ba ka kuma shiga lokacin salla ko na addu'ar kowa ba. Yawancin ƙananan na'urorin ƙafa bolt 9 suke so, kuma tsakiyar bakin cajarsu nagatif ne. Caja ta daban da ka tsinta a gida tana iya kashe su ko da bakinta ya shiga. Ƙugin da fikof mai layi ɗaya ke yi kusa da fitila ko janareta ɗabi'arsa ce. A yawancin jita samfurin Stratocaster, mayar da makunni matsayi na 2 ko na 4 yana rage shi.

Mataki na 6: Makonnin farko

Yanke farcen hannun da ke dannawa. Zauna a miƙe, babban yatsa a bayan wuyan jitar. Danna da kan yatsa, dab da bayan firet, da ƙarfin da zai fitar da sauti kawai. Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi sa'a uku a ranar Asabar. Yatsu za su yi zafi mako biyu zuwa huɗu kafin su yi kanta. Zafin fata ba komai ba ne, amma in wuyan hannu ne ke ciwo, tsaya ka gyara riƙo. Da sanyin safiya ka ɗumama hannu kafin ka fara.

Fara da kod biyu. Em: danna tsirkiya ta biyar da ta huɗu a firet na 2, kaɗa duka shida. Am: ta biyu a firet na 1, ta huɗu da ta uku a firet na 2, ka tsallake ta shida. Sa manhajar ƙirga bugu a kan 60 a minti, bugu huɗu a kan Em, huɗu a kan Am, kada hannun dama ya tsaya ko da na hagu bai iso ba. Bayan nan sai C: ta biyar a 3, ta huɗu a 2, ta biyu a 1. Sai G: ta shida a 3, ta biyar a 2, ta ɗaya a 3. Sai D: ta uku a 2, ta biyu a 3, ta ɗaya a 2, ka kaɗa daga ta huɗu zuwa ta ɗaya kawai. Da G da C da D da Em za ka raka waƙoƙi masu yawan gaske, kafo kuma zai ɗaga maka su zuwa inda muryarka take. F ka fara da ƙaraminsa: manuni ya kwanta a kan ta ɗaya da ta biyu a firet na 1, ta uku a 2, ta huɗu a 3.

Mataki na 7: Salo

A nan ne nake ganin masu koyo suna yin asara. Sukan shafe shekara suna bin darussan YouTube na kiɗan Turawa, suna mantawa da abin da kunnensu ya sha tun suna goye. Akasarin kiɗanmu na garaya da gurmi da molo da kukuma a kan sautuka biyar yake tafiya, waɗanda 'yan kwaya suka sani da do, re, mi, so, la. Ali Farka Touré na Mali, wanda ya rasu a 2006, da kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara, sannan ya kwashe abin da ya koya ya ɗora a kan jita. Bombino ɗan Agadez da ƙungiyar Tinariwen a kan wannan tushe suka gina nasu. Mdou Moctar na Nijar, bahago, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar burkin keke. Duniya tana sauraronsu ne saboda sun kaɗa abin da ke gidansu.

Ga yadda za ka shiga. Ɗauki tsirkiya ta uku ita kaɗai. Sautukanka suna firet na 2, 5, 7, 9, 12 da 14, wato A, C, D, E, G, sai A na sama. Yi ta hawa da sauka da yatsa ɗaya har kunnenka ya san kowanne. Sannan ka rera wani amshi da ka sani tun kana yaro, na dandali ko na biki, ka neme shi a kan wannan layi. Za ka tarar wasu sautukan suna faɗawa tsakanin firet biyu, domin garaya da kuntigi ba su da ƙarafa. Sai ka zame yatsa zuwa wurin, ko ka ɗan tura tsirkiya sama har ta kai.

In wannan ya zauna, ƙara babban yatsan dama. Ya riƙa bugun tsirkiya ta biyar a sake, ba tsayawa, manuni kuma yana fitar da waƙa a sama. Wannan shi ne sashi mafi wahala, kuma shi ne zuciyar salon Sahel. Fara a hankali ƙwarai, sauti ɗaya a sama duk bayan bugu biyu a ƙasa. Sai ka koyi sara tsirkiya da yatsan hagu ba tare da ka kaɗa ba, da fizge yatsa daga kanta don sautin ƙasa ya fito. Waɗannan biyun su ke ba kiɗan gudunsa. Daga baya ka baza sautukan a faɗin wuya: firet na 5 da 8 a ta shida, 5 da 7 a ta biyar da ta huɗu da ta uku, 5 da 8 a ta biyu da ta ɗaya. Ka gwada ƙirgen bugu shida, ɗaya-biyu-uku, huɗu-biyar-shida, kana nauyaya na ɗaya da na huɗu, domin kiɗanmu da yawa haka yake tafiya.

Wanda hankalinsa ya fi karkata ga hailaif na Victor Uwaifo da Oliver De Coque, ko kiɗan Kwango irin na Franco, hanyarsa ta bi ta C da F da G, amma ba a share su gaba ɗaya. Ana tsintar tsirkiya biyu-biyu a saman wuya, da sauti mai tsabta, ana maimaita gajeren zagaye har ya kama jiki. Fik mai kaurin milimita 1 ya fi dacewa da wannan, mai laushi na 0.5 zuwa 0.7 kuma na sharar kod ne.

In za ka sa waƙar Hausa a kan jita, fara da faɗin baitin da baki kamar kana magana, ka lura da inda murya ke hawa da sauka, da gaɓa mai tsawo da gajera. Karin waƙar ya bi wannan, kod kuma ya zo a ƙarshe. In ka fara da kod ka tilasta wa kalmomi su shiga, Bahaushe zai ji baƙon abu ko da bai san dalili ba.

Kada ka daɗe kana kiɗa kai kaɗai. Nemi mai kalangu ko mai ganga a unguwa, ku zauna ko sau ɗaya a mako, ka bar shi ya riƙe lokaci kai ka bi. Ku ɗauki zaman da waya: jingine ta kamar santimita 30 daga firet na 12, ba a bakin ramin sauti ba, don nan ƙugi yake yi. Washegari ka saurara, ka fitar da wuri ɗaya da kake yin gaggawa ko kake makara, shi za ka yi wa atisaye a wannan makon.